Abin da Gara Ta Rage

Ɗan ƙanena ya bugo waya daga Ingila:
wai tsohon da ya ba shi hayar ɗaki
ya ƙirga kakanni goma sha tara
cikin littattafan coci masu warin daɗewa,
har ya taɓo waɗanda suka ƙetaro teku
tun ƙasar ba ta san sunanta ba.
"Baffa, mu fa?"

Na kwana da tambayar kamar ƙaya a dunduniya.
Da hantsi na sauko da gafakar Malam Cindo
daga jikin azara, nan gidanmu na Aujara,
na karkaɗe kashin ɓera.
Warƙa bakwai, tawada ta koma ja,
gara ta yi kalaci da gefen dama.

Na bi ajamin da yatsa:
Nomau, Jatau ɗan Barmo, Tanko na Kande...
Kaina ya fasu. Ga salsala!
Na kai wa Liman Ilu, ya gyara tabarau,
ya daɗe shiru, sai dariya har da tari:
"Wannan ba asali ba ne, Sale,
lissafin bashi ne.
Kakanka marini ne. Waɗannan
an rina musu riguna, ba su biya ba."

Na biyo ta tsohuwar karofi.
Ramukan sun cike, awaki na kiwo a kai.
Na dubi farcena, fari fat,
ko ɗigon shuni bai gado ba.

Bayan lisha na kira yaron:
"Gaya wa Baturen,
namu bai rubuta sunan ubansa ba,
amma rabin garin nan
har gobe muna bin su bashi."