Igiya Kafin Jirgi

Ƙarfe biyun dare a Valparaíso.
Ƙugiyoyin tashar ruwa na ta ɗaga kwantena,
ni kuwa na kasa ɗaga layi ɗaya tak
daga shafin da na gina da hannuna.

Ba wuya, in ji Bastián da yamma,
yana zuge rigar sanyi zai kama hanya:
duk jirgin da ya makara, a shafa wa layinsa ja,
a ja idon mai dubawa zuwa kansa. Shi ke nan.

Shi ke nan!
Na kira layi na bakwai da sunansa,
allo ya ce mini: babu.
Na goge tabarau na sake kira.
Babu.
Alhali ga shi ina kallonsa ƙuru-ƙuru,
Golondrina Austral, daga Callao, awa tara a makare,
ya miƙe ƙafa a shafi kamar gidan gadonsa.

Ashe azarɓaɓi na yi.
Sa'ad da na miƙa hannu, shafin ƙwarangwal ne,
ba tsoka, ba jini,
bayanai na can tafe daga sabar,
maginiyar shafi ba ta aza bulo ko ɗaya ba.
Aski nake son yi wa jariri
tun yana cikin uwarsa.

Sai na yi dabarar rago:
jira rabin daƙiƙa, sannan ka cafke.
Ta ci a kwamfutata, har na yi tafi ni kaɗai.
Sai na tuna tsohuwar na'urar Doña Fresia a ofishin kwastan,
wadda kafin ta buɗe ido shayi ya huce.
Rabin daƙiƙata ba zai kai ta ko bakin ƙofa ba.

Da na samu na damƙe layin, na shafa masa ja da kaina,
sabon labari ya iso daga teku,
maginiya ta rushe, ta sake jerawa,
jan ya koma kan wani jirgin tuffa
da ya iso tun kafin lokacinsa, bai ci ba, bai sha ba.
Na bakwai ɗin ɗazu ba shi ne na bakwai ɗin yanzu ba.
Kama da wane ba ta wane.

Kakana Eleuterio shekara arba'in yana ɗaure jirage
a wannan bakin ruwa da nake hange ta taga.
Tafin hannunsa kamar ɓawon itace.
Yakan ce: Ximena, ba a jefa igiya don an ji ƙaho,
ƙaho alkawari ne kawai.
Bari ƙarfe ya goga tayar da ke jikin dakali,
sannan ki jefa.
Kuma kar ki ce jirgin da ke gefen dama,
dama na yau hagu ce gobe.
Ki riƙe lambar da ke goshinsa.

Na share rabin daƙiƙar nan ta kunya.
Na ce wa maginiya: in kin gama gini, taɓa ni.
Kowane layi na rataya masa lambar jirginsa,
ba lambar kujerar da ya tarar ba.
Kunnuwa sittin da na liƙa wa layuka sittin
na kwashe, na bar ɗaya a jikin uwarsu,
ta ji motsin na yau, ta ji na waɗanda ba a haifa ba.
Gwangwanin fenti kuma na ajiye.
Bayanai nake raɗa wa: wannan ya makara,
maginiya ta shafa jan da hannunta.

Biyar da kwata.
Keken hawa tudu bai fara kukansa ba,
mai gidan burodi na ƙasa ya kunna tanda.
Can bayan katangar ruwa wani ƙaho ya yi gurnani.
Ban taɓa komai ba.
Na naɗe hannu, na jira.

Layi ya faɗo ƙasan jeri,
sabo fil, ja wur,
shafin ya gangara da kansa ya tsaya a kansa.

Shayina ya yi sanyi tuntuni. Na shanye.