Farkon Ciniki

Ni Illa, dillalin awaki,
da baki nake ci.
Ran kasuwa in na buɗe shi a kan jar akuya,
ko marowaci sai ya kwance lalita.
Sai Allah ya ba ni Nafi'u.

Shekara uku da damina ɗaya,
bai ce baba ba, bai ce inna ba.
Kunu in ya shiga sai ya ɓata hanya,
ya dawo ta hanci, da tari, da jan ido.
Habsu ta bar cin tuwo a gabansa,
wai kunya take ji ta haɗiye
abin da ɗanta ya kasa.

A unguwar Zariya kowa likita ne.
Wannan ya ce beli ne, a kira wanzami.
Waccan ta ce a ba shi ruwan da aku ya sha.
Wani tsoho ya ce, uban ne ya cinye rabon ɗan.
Na taya su dariya.
Da dare barci ya ƙi ni.

Ran Talata muka hau kabu-kabu,
shi a tsakiya, kamar sabon tulu.
Ɗakin ba allura, ba ƙarin ruwa,
sai tabarma, madubi, gashin zabo,
cokali kamar farcen yatsa,
da Madam Balki, tabaraunta ɗaure da zare.

Na fara zuba, yadda na saba.
Ta ɗaga hannu:
"Malam Illa, kai ke tambaya, kai ke amsawa.
Shi ina zai sa tasa?
In ka tambaye shi, ƙirga goma a zuci."

Goma!
Ni da ke sayar da bunsuru
kafin a ƙirga uku.

Ta miƙe masa baya, haɓa ƙasa kaɗan.
Ta ce a dama kunu da kauri,
tsararo shi ke riga maƙogwaro gudu.
Rabin cokali. A jira.
Ta ɗora yatsana a wuyansa,
na ji abu ya hau, ya sauka,
kamar guga a hannun mai haƙuri.
Shekara arba'in ina haɗiya,
ban san aiki ba ce.

Muka koma gida da jinga:
ya hura gashin zabo har ya tashi,
ya laso zuma a leɓen sama,
mu shiga madubi, ni da shi,
in ce ba, ba, ba,
da gemuna, kamar tunkiya.
Yaran maƙwabta suna leƙe ta katanga.

Talata ta bi Talata.
Gulbi ya kawo ruwa, ya janye.
Kuɗin kabu-kabu ya cinye ƴar akuya guda.
Wani makon cokali shida ba tari,
wani makon sai mu koma jiya.
Sau biyu na ce na bari.
Sau biyu Habsu ta goya shi, ta riga ni fita.

Sai wata magariba,
bayan cokali na tara,
na miƙa na goma, na ce, "Ƙari?"
Na ciji harshe.
Ɗaya. Biyu. Kaza ta wuce.
Biyar. Shida.
A bakwai ya ture hannuna,
ya dube ni ido cikin ido:

"A'a."

Ludayi ya faɗi daga hannun Habsu.

Wani uban da baba ake fara masa.
Ni dillali ne, na san darajar abin da na samu:
wanda ya ce a'a bai tafi ba,
ya tsaya ne a yi magana.
Nan ciniki ke farawa.

Madam Balki ta rubuta a littafinta,
harafi biyu da ɗan ƙugiya tsakani.
Ta ce, "Da saura."
Na ce, "Na sani."

Yanzu a kasuwa in mai saye ya taya,
sai in yi shiru.
Abokai na cewa, "Illa, lafiya?"
Lafiya lau.
Ƙirga nake.