Mai Awon Kifi na Grimsby

Shekara talatin da takwas Alwyn Stothard ya yi
a gaban sikeli, bakin tashar jiragen Grimsby,
alƙalami a bayan kunne, sanyi a cikin ƙashi.
Ya san tan.
Ya san ƙarninsa, ya san ƙato nawa ke ɗaga shi
kafin gari ya waye.

Yau ga jikarsa Bryony ta yar da jaka a kan tebur,
wai aikin makaranta ya yi mata tan-tan,
"tons," in ji ta, tana hura hanci.
Tsoho ya ɗaga jakar da yatsa biyu,
ya jinjina, ya karkata kai:
"Kilo uku. Har da gorar ruwan."

Haka yake fama da mutanen garin nan.
Mai burodi ta ce ya bi a hankali,
akwai "bags of time," lokaci buhu-buhu,
ya ce buhun gishiri ko na dankali?
Maƙwabci ya leƙo ta kan shinge
wai jiya sama ta yi ta juye bokitai.
Direban bas na da matsala lodi guda,
faston unguwa na da godiya "heaps," tuli guda,
shi kuwa bai taɓa ganin an tula godiya a ƙofar gida
har tsuntsun teku ya sauka yana tsattsaga ba.

Bryony ta ce, Kaka, ba awo ake nufi ba.
Wanda ya ce "loads" ba mota yake kira ba,
cewa yake abin ya wuce yatsun hannu
kuma shayinsa na hucewa, ba zai tsaya ƙirga ba.
Wanda ya ce ya kira ka sau "umpteen"
ba lamba ya faɗa ba, gajiya ya faɗa.
Tsoho ya ce, to ya ce ya gaji mana,
me lissafi ya yi masa?

Abin da yarinyar ba ta sani ba:
kullum da asuba, a wannan ƙofar,
Glenys kan miƙa masa kwanon abinci ta ce,
"Love you loads."
Shi kuma ya ce, lodi nawa?
Ita kuma ta ce, kai ne mai sikeli, je ka auna.
Shekara arba'in da ɗaya ana wannan ciniki,
ba a taɓa sallamawa ba.

A watan Afrilu aka kai ta makwanci.

Ran Lahadi suka buɗe kabad ɗinta,
kwali uku za a kai shagon sadaka.
Bryony na ninkewa, shi yana miƙowa,
har hannunsa ya kai kan koriyar rigar sanyi
mai maɓalli ɗaya da bai dace da sauran ba.
Hannu bai manta aikinsa ba: ya jinjina.
Ko rabin kilo ba ta kai ba.

Yarinyar ta ce, kana kewarta?

Ya dubi rigar, ya dubi taga,
can wani jirgi na shigowa, ciki ya nutse da kaya.
Ya gyara murya kamar zai kira lamba
a rubuta a littafi.

"Tons," in ji shi.

Bryony ta buɗe baki, ta rufe.
Rigar dai ba ta shiga kwali ba.