Bencin Ƙofar Shagona

Ni mai gyaran rediyo ne a Tudun Wada.
Kunnena ya saba da shuuu ɗin nan
da ke zuwa kafin tasha ta kama.
A ƙofar shagona akwai benci, ƙafarsa ɗaya bulo ce,
a kansa ake yanke wa duniya hukunci
kullum bayan La'asar.

Ran da aka ce hukuma ta harbe wani a ɗakinsa,
ba sammaci, ba alƙali, ba "me za ka ce?"
sai sanarwa mai layi uku,
Tanimu mai faci ya miƙe, hannunsa duk baƙin mai:
"Ko akuya za a yanka, sai an ba ta ruwa.
Wa ya ara wa gwamnati aikin Azara'ilu?"
Barau direba ya ce, "Faɗa musu dai."
Lantana ta juya waina a tanda,
ta ce, "Shi ma uwa ce ta yi naƙudarsa."
Ni kuwa, waya a bakina, na gyaɗa kai.

Sai daren Talatar nan.
Motar da ta tashi daga Kwangila da mutum sha takwas
ba ta kai inda za ta ba.
Da asuba muka nufi Shika neman namu.
Warin takalmi. Ledar magani. Buhun barkono a fashe.
Da hular Sambo, ƙanen Tanimu,
karinta na nan yadda ya yi shi a kan bencin.

Kafin sadakar bakwai benci ya sake harshe.
Tanimu ya ce, "A bi su har rami.
Kotu? Gidan a-dawo-wata-mai-zuwa?
A gama da su inda aka gan su.
In an yi kuskure, Allah Ya san nasa."
Lantana ba ta ambaci uwar kowa ba.
Ni ma, kada in yi ƙarya a kan takarda,
da rediyo ta ce an kawar da mutum tara
sai na ƙara murya,
na ji sanyi ya ratsa ƙirjina
kamar ruwan randa ranar azumin bazara.
Ban tambayi sunayensu ba.
Lamba ba ta da uwa.

Damina ta cika Kubanni, ta fara janyewa,
Jatau mai zuma bai zo ba.
Duk Alhamis yakan sauko da galan biyu daga daji,
ya bar mini 'yar rediyonsa mai batir uku,
ya ce in ya dawo zai biya da saƙa.
Ɗansa ne ya zo, ya tsaya nesa da benci.
Babansa na cikin taran.

Wasu suka ce shi ke kai musu gishiri da labari.
Wasu suka ce hayaƙin da yake korar ƙudan zuma da shi
aka hango daga sama.
Wa za a tambaya?
Mai amsa yana ƙarƙashin ƙasa,
mai umarni kuwa sa hannunsa ma ba mu gani ba.

Barau ya ce, "To gobe wa?"
Tanimu bai ɗago daga tayar da yake liƙewa ba:
"Ku dawo mini da Sambo,
sannan ku koya mini adalci."
Ba wanda ya tanka.
Waina ta ƙone a tanda, Lantana na kallon titi.

Na gyara rediyon Jatau, waya ɗaya ce ta tsinke.
Yaron ya ce in riƙe, ba sa son jin labarai.
Tana kan kanta, tsakanin matattun fitilu,
tana kama kowace tasha tas.
Da dare nakan kunna ta ƙasa-ƙasa.
Ba labarin gobe nake tsoro ba
kamar abin da bakina zai ce idan ya zo.