A Kashe Lafiya

Kofur Ɗanjuma mai ritaya ya kwance tsumma
a bayan shagonsa na Kakuri:
ƙaramar bindiga, ta girme ni,
lambar soja ta kusa gogewa.
Na ƙirga masa kuɗin masara buhu huɗu.
Ya buɗe baki zai ce "a kashe lafiya",
sai ya haɗiye.

Ran Asabar, bayan gonarmu ta Rigachikun,
na ɗora gwangwanin madara kan suri.
Na ja kunama.
Hannuna ya zabura kamar ba nawa ba,
balbelu suka watse,
gwangwani na nan daram.

Na tsinci kwanson da zafinsa.

Don in samu barci na saye ta.
Yau kwana tara tana ƙarƙashin katifa,
ita kaɗai ke barci.