Kunnen Aro

Ordinatar ɗina kurma ce.
Na saye ta ran da wani ofishin gina rijiyoyi ya rufe a Tawa,
baƙa, mai nauyin rabin buhun siminti.
Tana rubutu, tana lissafi, ba ta gardama,
amma maganar da ke yawo cikin iska
ba ta jin ko ɗaya.

Tsallaken titi, kantin maganin Malam Tsahiru
yana ɓarin wifi dare da rana.
Ya ce, buga mini takardun kaya duk ƙarshen wata,
in ba ki lambobin sirri.
Muka shirya. Saura kunne.

A kasuwa Nomau ya zazzage kwali gabana.
Ga wata 'yar mitsitsiya, ba ta kai farcen babban yatsa ba,
jaka uku.
Ga wata mai ƙaho ɗaya tsaye
kamar akuyar da ta dawo daga faɗa,
jaka biyar da rabi.
Ya ce, ƙaramar ta masu kwana ɗaki ɗaya da akwatin ce.
Bangonki na mi ne?
Na ce laka, kaurinsa kamu guda,
ubana ya gina shi don ya kori zafi.
Ya ce, to abin da ya kori zafi zai kori wannan ma,
ɗauki mai ƙaho.
Na taya huɗu. Albarka.
Sai da na kai wurin masu albasa ya kira ni:
biyar ba dala ɗari.

A gida na soka ta a baya. Shiru.
Allo ya ce bai san baƙuwar ba,
sai ta zo da takardar shaida.
Takardar tana cikin faifai,
bakin faifan ya ƙi buɗewa tun bara.
Ɗauko daga intanet, in ji kwalin.
To ai intanet ɗin nake nema!
Mabuɗi a ɗaki, ɗaki a kulle.
Na yi dariya ni kaɗai har aka kira la'asar.

Fassuma, ɗiyar ƙanena, 'yar aji uku a kwaleji,
ta jawo abin da wayarta,
ta ɗura shi ta igiyar caji kamar mai ba ɗan rago nono.
Wata 'yar fitila shuɗiya ta ƙyafta.
Sanda ɗaya.
Ɗaya tak, ita ma tana rawar sanyi.

Fassuma ta ce, kin ɓoye kunne bayan ƙarfe, ƙarƙashin tebur,
me kike so ya ji?
Muka aro doguwar igiya,
muka rataye ta a ƙusar taga
inda uwata take rataye mafici.
Sanda uku.

Yanzu na san halinta.
In babbar mota ta tsaya lodi tsakanina da kantin, sai ta yi fushi.
In wuta ta tafi, mu kwanta tare.
In Malam Tsahiru ya sake lambobi bai faɗa ba,
in tsallaka da takalmi ɗaya.

Jiya tsoho Alzuma ya zo,
ɗansa yana Abijan, ana neman takardar haihuwarsa kafin Juma'a.
Da can sai mota, sai kwana biyar, sai roƙon direba.
Na ce zauna.
Bai gama gyara sandarsa ba, wayar ɗan ta shigo: ta iso.
Ya dubi allon, ya dubi hannuna,
ya bi igiyar da ido har taga.
Ta nan ta fita?
Na ce ta nan.
Ya ce, taga a rufe take.

Da dare nakan zare ta.
Da ɗumi a jikinta, kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai.
In sa ta cikin gwangwanin allurai,
in rufe,
ordinatar ta koma kurma har safe.