Akwatin da Ya Zo Ranar Talata

Mutum biyu suka kinkimo shi har hawa na uku
a tsohuwar maƙerar wuƙaƙe, nan Sheffield,
inda nake hayar ɗaki mara taga.
Kilo goma sha tara. Fam dubu tara da ɗari huɗu.
Aro ne: sati biyu, in saurara, in rubuta wa mujalla,
in mayar da shi ba ƙwarzane ko ɗaya.

Fuskarsa baƙin ƙarfe, sanyi kamar gindin randa.
Maɓallansa in ka murɗa sai ƙas, ƙas, ƙas,
kowane taki rabin ma'auni,
inda ka ajiye shi nan za ka dawo ka tarar.
A cikinsa ƙwayayen gilashi shida suna ja kamar garwashi,
sai ka ba su minti arba'in kafin su yarda su tanka,
kamar dattijon da bai karya kumallo ba.

Aikinsa shi ne shafa ta ƙarshe:
waƙa ta gama dahuwa, an kwashe,
shi ne man shanun da ake ɗiga a kan miya.

Na ɗora masa muryar Imogen Thackray
da katon gurmin Turawa mai gurnani a bayanta.
Na rufe ido. Kai!
Ƙasan sautin ya zauna daram kamar turmi,
saman ya buɗe, har numfashinta nake ƙirgawa.
Na murɗa kaɗan, na ce, yawwa.
Na ƙara murɗawa, na ce, a'a, ya yi yawa, na dawo.
Shafi uku na cika: ɗumi, zuma, siliki, faɗin fili.
Har na tausaya wa masu yi da kwamfuta,
na ce araha dai ba ta ado.

Wajen la'asar Winsome ta leƙo aron butar shayi.
Shekara talatin tana yankan faifai a ɗakin ƙasa.
Ta tsaya da kofi a hannu, ta kalli akwatin,
ta kalli ɗan ƙaramin harshen ƙarfe na gefen hagu.
Ta ce, Tanimu, tun yaushe wannan yake ƙasa?

A ƙasa yake tun safe.
Sautin ta bayan gida yake zagayawa,
bai taɓa shiga cikin akwatin ba.
Awa biyar ina yabon ruwan da bai bi ta tulun ba.

Gani ya kori ji, haka muka taso ana faɗa.
Ban san korar har da duka ba.

Ba ta yi dariya ba sai da ta kai matakala.

Na ɗaga harshen.
Na sauke. Na ɗaga. Na juya baya, na sa ta dawo
ta riƙa yi min ba tare da na gani ba.
Cikin goma na canki bakwai.
Akwai abu, amma ɗan mitsitsi:
igiyar gurmin ta daina yawo, ta tsaya wuri guda,
kuma harafin sa a bakin Imogen ya daina yanka.
Iyakarsa ke nan. Gishiri tsakanin yatsu biyu.

Ko ya kai kuɗin mota?
Ga mai kunnen Winsome, wataƙila.
Ni shekarata hamsin da uku,
ƙarar jirgin ƙasa ta cinye min saman kunnen dama,
kukan gyare ma sai na juya kai.

Shafukan nan uku ban yaga ba.
Na manna su a bango, sama da lasifika,
na ɗauko sabuwar takarda, na fara da nauyinsa,
don shi kaɗai ne bayana ya tabbatar.

A ciki ƙwayayen suna ta ja,
ba ruwansu da wanda ya ji, da wanda ya zata.